Jitar Aro: Inda Aikin Ya Kwana

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na fara aikin da na daɗe ina saƙawa a raina. Mu bakwai ne muke haɗuwa duk yammacin Asabar a wani ɗan situdiyo da ke bayan titin Gidan Zoo, kuma a cikinmu mutum biyu ne kawai ke kaɗa jita, ni da wani yayanmu da ke aiki da 'yan kiɗan otal a Sabon Gari. Sauran kusan kowa ya taɓa gwadawa ya ajiye. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, sai na tarar labarin guda ne. Mutum ya sayi jita mai araha wadda ba a san gidan da ta fito ba, tsirkiya ta yi wa wuya nisa, sai ya danna da ƙarfin tsiya kafin ta yi magana, yatsu su yi ta zogi. Ya saita ta da hantsi, kafin azahar ta saki. Bayan wata biyu ya rataye ta a ƙusa ya koma kan fiyano, ya yanke wa kansa hukuncin cewa jita ba abin hannunsa ba ce.

Wannan hukuncin ne ke damuna, domin ba hannunsu ne ya gaza ba. Shekara 9 ke nan ina kaɗa Yamaha F310, jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe wadda ba ta buƙatar wuta, kuma ina da Pacifica 112V ta lantarki da nake fita da ita biki. Ba su ne masu tsadar kamfanin ba, na masu koyo ne da matsakaitan makaɗa. Amma sun riƙe ni amana, kuma ina so abokaina su ji abin da nake ji in na ɗora yatsa a kansu.

Na sha yi musu bayani da baki, ba wanda ya motsa. Saboda haka na sauya hanya: zan riƙa ba da F310 aro, mako biyu ga kowane mutum, ba ko sisi. Sharaɗi biyu ne. Ya kaɗa ta ko da minti 15 ne kullum, in kuma ya dawo da ita ya faɗa mini gaskiyar abin da ya ji, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Da Oga mai situdiyo na fara, don shi ne babba, kuma in ya karkata sauran za su bi. Da na miƙa masa ranar farko ko hannu bai sa ba. Ya danna wani maɓalli a fiyanonsa, ya buga layi guda da muryar jita, ya juyo ya ce, "Ƙanina, ga jita nan a ciki, ga goge, ga sarewa, ga kalangu. Me zai sa in je ina yanka yatsuna?"

Na ce, "Oga, duba goshin fiyanon naka, wane suna ne a rubuce?" Yamaha ne, cikin jerin PSR da suka cika situdiyoyin Kano. Na nuna masa tambarin da ke kan jitar, iri ɗaya da na fiyanon: wasu 'yan ƙarafa uku masu baki biyu da aka gitta cikin da'ira. Ƙarfen saita murya ne, wanda ake bugawa ya ba da sauti tsayayye a daidaita kayan kiɗa da shi. Mutanenmu da yawa da babur da janareta suka san sunan, alhali da kiɗa gidan ya fara. A 1887 ne Torakusu Yamaha ya gyara wata ogan da ta lalace a makarantar firamare a garin Hamamatsu na Japan, daga nan ya ƙera tasa. Babur bai zo ba sai 1955, aka ware masa kamfaninsa daban. Jitarsu ta farko mai tsirkiyar ƙarfe irin wannan, FG180, ta fito a 1966, kuma har yau masu tara tsofaffin jita na neman ta saboda jar takardar da ke cikinta. Na ce masa in ka yarda da mutanen nan shekara goma a kan fiyano, ka ba su mako biyu a kan katako.

Yau ya dawo da ita. Ya ce sau uku kawai ya taɓa ta, aiki ya yi masa yawa. Amma ya faɗi abu ɗaya da na rubuta: tun ranar da na saita ta na bar masa, bai sake murɗa kunnenta ba, kuma har yau tana daidai da fiyano. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mai gangarmu ne ya karɓa na biyu. Na roƙe shi ya zo da tsohuwar jitarsa da ya rataye shekara uku, don mu jera su a tabarma kowa ya gani da idonsa. Wannan zaman shi ne mafi amfani tun da na fara.

Wuyan jita yana da 'yan ƙarafa da aka gitta, su ne ke raba muryoyi. Na ƙirga zuwa na 12, wanda yake daidai tsakiyar tsawon tsirkiya, na ce kowa ya fito da katin cirar kuɗinsa. Kaurin katin bai kai milimita ɗaya ba, 0.76 ne. A jitata kati uku ne suka cika tsakanin ƙarfen da babbar tsirkiya, wato milimita biyu da 'yan kai. A tasa muka zura kati bakwai, da sauran wuri. Ya riƙe baki. Na ce masa wannan tazarar ce ya yi wata biyu yana kokawa da ita, kuma ko ƙwararre aka ba wannan jitar sai ya ji a jikinsa.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci ga mai kunne. Ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a ƙarfe na 12 ka sake kaɗawa. Dole muryar ta zama ita ce dai, ta hau sama kawai, kamar uwa da 'yarta suna rera baiti ɗaya. A tawa suka haɗu. A tasa ta sama ta zarce har wanda ba makaɗi ba zai ji. Dalili biyu ne: tazarar ta yi yawa, sai tsirkiya ta miƙe fiye da kima in an danna, sannan jakin da tsirkiyoyin ke hawa ba a dasa shi inda ya kamata ba. Irin wannan jita ko ka kwana kana saita ta, da ka hau tsakiyar wuya za ta saɓa wa fiyano. Shi ya sa duk lokacin da ya gwada bin mawaƙi sai a ce masa kunnensa ne ba shi da kyau, shi kuma ya yarda. Da ya gane haka ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe shekara uku ina zargin kaina a banza."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ga alama rabin aikina cire wannan tsoron ne, tun kafin a zo maganar sunan kamfani.

Ya nemi ƙarin mako biyu, na ba shi.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa. Katako ma haka yake ji. Wani abokin yayanmu ya zo da jitarsa mai tsada da aka kawo masa tsaraba daga waje, ta wani kamfani daban. Ya bar ta jingine a bango kusa da taga, da safe ya tarar fuskarta ta tsage daga ƙarƙashin jaki zuwa gindi, tsagar da za ta ɗauki bakin reza. Mutumin kamar zai yi kuka, mu ma duk jikinmu ya yi sanyi.

Abin da ya faru ba laifin wanda ya ƙera ba ne. Jita tana son iska mai laima kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a irin wannan yanayin ake haɗa ta. A Kano kuwa cikin hunturu laimar kan faɗo ƙasa da kashi 20. Fuskar jita mai tsada falle ɗaya ne na katako, siriri, an manne shi ta kowane gefe. In ya bushe yana so ya tsuke, gam ya hana shi, sai ya yage ta bin jijiyarsa. Alamu na zuwa kafin haka: fuskar ta ɗan lotsa, tsirkiya ta fara gogar ƙarafa tana zuzu, bakin ƙarafan wuya ya fito yana kartar hannu saboda katakon da ke riƙe da su ya tsuke, su kuwa ba su tsuke ba.

A nan ne na faɗa musu abin da ya sa nake nacewa kan F310 ga mutumin Kano mai farawa. Fuskarta katako ne mai hawa-hawa da aka manne, kowane hawa jijiyarsa ta gitta ta ɗan'uwansa, irin filawud ɗin kafinta amma na kirki, bayanta da gefenta kuma na icen meranti ne na ƙasashen Indonesiya. Masana za su ce muryarta ba ta kai ta falle ɗaya zurfi ba, kuma gaskiyarsu ce, ba na musu. Yamaha ma suna da mai falle ɗaya, FG800, kuma in ka jera su za ka ji bambanci. Amma mai hawa-hawa ba ta saurin tsagewa, domin hawa ɗaya na riƙe ɗaya. Tawa ta ga hunturu tara a ɗakin da ba silin. Ga mai shiga adaidaita sahu da jita daga Kurna zuwa Hotoro, wannan ya fi mini zurfin murya daraja.

Ko wace iri ce dai, sai an yi mata tanadi. Na nuna musu nawa: robar sabulun wanka na huda wa murfi da ƙusa mai zafi, na sa soso a ciki, in jiƙa shi in matse har ya daina ɗiga, in ajiye cikin jakar jitar in zuge. Duk kwana biyu ina dubawa. Kada ruwa ya taɓa katako, kada a bar ta a mota, kada a jingine ta kusa da kaskon wuta.

Mai tsagaggiyar jitar mun haɗa shi da wani dattijo mai gyara a Sabon Gari, wanda ya shekara yana kaɗa wa coci jita. Ya ce a bar ta cikin jaka da soso kwana goma tsagar ta haɗe bakinta, sannan ya manne ya ɗora mata 'yan faci ta ciki.

Talata, 7 ga Janairu, 2025

Jitar tana hannun 'yar amshinmu. Ban sa ta a lissafi ba da farko, ita ce ta ce, "Yaya, ni ba za a ba ni ba ne?" Na ji kunya, na ba ta haƙuri.

Sai da yayanta ya zo ya gan ni muka yi magana, don mahaifiyarsu ba ta son a ga 'yarta tana ratsa unguwa da jita a baya. Muka daidaita a kan shi zai riƙa ɗauko mata a babur, a ɗaki za ta riƙa kaɗawa. Yau ta aiko da saƙon murya: riƙo uku ta iya, tana sauya su ba tare da ta tsaya ba, tana rera amshi a kai. Hannunta ƙarami ne, kuma wuyan F310 siriri ne, faɗinsa milimita 43 a sama, tsawon tsirkiyarta kuma ya ɗan gaza na yawancin jitoci, shi ya sa yatsunta ke kaiwa. Ta yi ƙorafin zogi. Na ce ta daure mako uku kanta za ta fito a kan yatsun, kuma ta yanke farcen hannun hagu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na je Fagge wurin Baba mai gurmi. Ba ya zuwa zamanmu kullum saboda shekaru, amma duk wanda ke cikinmu ya sha daga hannunsa, kuma maganarsa ɗaya ta fi tawa goma. Na same shi a soro kan buzu. Bayan gaisuwa na zuge jaka na miƙa masa da hannu biyu.

Ya daɗe yana juya ta. Ya ƙwanƙwasa fuskar da bayan yatsa yana saurare, ya leƙa ramin, ya sa ido a tsawon wuyan kamar mai duba gorar mashi. Ya ce aikin mai hankali ne. Da ya kaɗa kuwa sai ya ɓata fuska. "Ɗana, wannan ƙarfen yana da tsiwa. Kuma waɗannan sandunan sun yi wa murya shinge." Abin da yake nufi, wuyan gurmi sumul yake, yatsa na zamewa inda ya ga dama, akwai muryoyin da ke zaune tsakanin gida da gida waɗanda mawaƙin gargajiya ke bi ta kansu. Ƙarafan jita sun yanka hanyar gida-gida. Na nuna masa yadda ake tura tsirkiya sama da yatsa a ja muryar ta shiga tsakani, yadda makaɗan Agadas ke yi har jita ta koma magana da harshensu. Na ce yawancin waƙoƙinmu a kan muryoyi biyar suke tafiya, kuma duk biyar ɗin suna nan a wuyan. Ya gwada, ya gyaɗa kai, amma bai saki fuska ba. Ya ce marigayi Ɗanmaraya Jos da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya zagaya duniya, shi me zai yi da shida?

Ban yi gardama ba, don ba a yi da Baba. Amma na zo da shiri. Na aro Yamaha C40 daga wurin wani ɗalibi, mai tsirkiyar roba, na fito da ita. Nan take abin ya sauya. Robar ta yi kusa da abin da yatsunsa suka saba, muryar a kwance take, ba ta da wannan ƙarar. Ya murɗa kunnuwa uku ya sauke su zuwa saitin gurminsa, ya ƙyale sauran ukun kamar babu su, ya shiga wani tsohon taken 'yan kokawa da babban yatsa da manuni. Yara suka taru a ƙofar soro. Ni kaina ban taɓa jin jita ta yi wannan maganar ba, tsigar jikina ta tashi. Ya yi kusan minti goma bai ɗago ba.

Da ya gama ya ce, "Wannan tana da kunya. Bar mini ita." Na ce ta aro ce, amma zan roƙi mai ita. Ya tambaya ko za a iya sa mata ƙarfe in roba ta tsinke. Na ce a'a, Baba, ko kusa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jan wuya da nauyin kusan kilo 70, na roba kusan 40, kuma ba a gina wannan don ɗaukar ƙarfe ba, jakin zai ɓalle ko wuyan ya lanƙwashe.

Na dawo gida da darasi. Na fito ne da jita ɗaya a raina ina so kowa ya so ta, ashe kowane hannu da tasa. C40 wuyanta faɗi ne, milimita 52, da ita na ba 'yar amshi da ta sha wuya. Baba kuwa faɗin ne ya yi masa daidai.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mai ganga ya tara kuɗinsa ya ce in raka shi. Muka shiga Sabon Gari da hantsi, muka bi shagunan kayan sauti. A shago na biyu aka sauko mana da wata mai sunan Yamaha ɓaro-ɓaro a ka, kuɗinta bai kai rabin abin da muka ji a wani wuri ba. Idonsa ya yi haske. Na ce ya dakata.

Na leƙa ramin: takardar ciki a karkace, rubutun ya yi dishi-dishi, gam ya zubo a gefen sandunan ciki ya bushe. Na shafa bakin ƙarafan wuya, suna karta. Na fito da katuna, shida suka shige. Sannan na duba tambarin. Na kamfanin kiɗa, bakin ƙarafan uku na tsayawa cikin da'ira, kuma tsakiyar harafin M ba ta sauka har ƙasa. Na kamfanin babur ne bakin ke hawa kan da'irar, M ɗinsa kuma ya sauka. Wannan jitar tambarin babur aka manna mata. Na yi wa mai shagon godiya muka fita, ban ce masa komai ba, wataƙila shi ma haka aka kawo masa.

A hanya na gaya wa abokina kada ganin an rubuta Indonesiya ko Sin ya tsorata shi, kamfanin na da masana'antunsa a can, tawa ma 'yar Indonesiya ce. Aikin ake dubawa. A shago na huɗu muka sami ta gaskiya a kwalinta, muka yi mata gwajin kati da na ƙarfe na 12, ta ci. Kuɗinsa bai kai ba, saura kaɗan. Ya ba da kafin alƙalami, zai cika ƙarshen wata.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, mun dakatar da zama. Jitar ta dawo gida. Na cire tsirkiyoyin, na goge dattin hannu huɗu daga wuyan, na sa sababbi. Akwai sabon ƙwarzane a gefenta, ban tambayi wanda ya yi ba. Mai ganga ya karɓo tasa tun 3 ga wata.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun dawo bayan Sallah, kuma yau ce ranar da na fi jira, ranar yayanmu na Sabon Gari. Shi ba mai koyo ba ne, ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Fender Stratocaster yake kaɗawa, tsohuwa, fentin ya goge inda damtsensa ke hawa. Tun 1954 ake ƙera irin ta, kuma yakan ce duk wata jitar lantarki mai wannan siffa 'yar kwaikwayo ce. Na kawo masa Pacifica.

Muna cikin haɗa wayoyi aka ɗauke wuta, Oga ya tayar da janareta. Da yayanmu ya sa tasa a amfilifaya sai ga wannan gurnanin da duk makaɗin Kano ya sani, zuuu ba tsayawa, sai ka dafa tsirkiya ya ragu. Abin da ke ɗaukar sauti a jitar lantarki maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya. Mai naɗi ɗaya muryarsa garau take, amma yana kwasar hayaniyar wutar gida, balle a ginin da ba a binne wayar ƙasa ba, ga inji na aiki a bayan taga. Tasa uku ne, duk masu naɗi ɗaya. Pacifica 112V tana da biyu irin waɗannan, na ukun da ke kusa da jaki kuwa naɗi biyu ne da aka juya wa juna baya, hayaniyar da ɗaya ya kwaso ɗayan ya kashe ta. Na tura makunnin zuwa can, ɗakin ya yi tsit sai ƙugin janareta daga waje. Oga ya ɗago daga kwamfuta ya ce, "Me ka taɓa?"

Yayanmu ya karɓa ya yi kusan rabin awa a kanta. Ya bi wuyan tun daga sama har ƙasa, ya ja sandar lanƙwasa murya ya saki ya duba ko saiti ya gudu, ya ɗaga maɓallin da ke mayar da mai naɗi biyun ya koma ɗaya. Na gaya masa a Kalifoniya ta Amurka aka zana Pacifica ta farko, ta fito a 1990, don makaɗan situdiyo masu buƙatar murya iri-iri a jita guda. Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Ƙanina, jita ce. Ban zaci haka ba a wannan kuɗin. Amma ni da matata ta fari mutu ka raba." Ya ce akwai wani ɗaci-ɗaci a muryar tasa da bai ji a tawa ba, kuma gurnanin ma ya saba da shi.

Na so ƙwarai ya ce zai saya, ba zan ɓoye ba, kuma har yanzu ina ganin a gidan biki mai janareta tawa ta fi tasa sauƙin sha'ani. Sai dai mutumin da ya shekara ashirin da abu ɗaya a ƙirjinsa yana jin abin da ni ba na ji. Abin da na samu a wurinsa shi ne alƙawarin cewa duk yaron da ya zo koyo, Pacifica zai ce ya nema, ba zai sake barin yaro ya sayi mai kama da Fender ta bogi ba.

Talata, 20 ga Mayu

Oga ya kira ni da daddare. Yana haɗa wata waƙar aure, ya sa jitar fiyano, mai waƙar ta ce ba ta ji ta a ranta ba. Ya ce in zo da katakon. Muka kafa makirfo ɗaya daidai inda wuya ya haɗu da jiki, tazarar taƙi ɗaya, muka kashe fanka duk da zafin da ake yi. Sau huɗu na ɗauka. Da yana saurare sai ya tsayar a wani wuri inda yatsana ya zame kan tsirkiya ya yi 'yar ƙara, na ce ya goge. Ya ce a'a, wannan ce shaidar mutum ne ya kaɗa, ita ce fiyano ba ya iya yi.

Kafin in tafi ya ce in bar masa ita mako biyu, na gaskiya wannan karon.

Asabar, 16 ga Agusta

Na daɗe ban rubuta ba, bukukuwan bayan Babbar Sallah sun sha kanmu. Damina ta kankama, matsalar ta juye. Yanzu katako ruwa yake sha, fuskar jita ta ɗan kumbura, tsirkiya ta ɗaga, ƙarfe na tsatsa cikin kwana kaɗan in ba a goge gumi ba. Mai ganga ya zo a firgice wai tasa ta lalace, kati huɗu ke shiga. Na nuna masa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ake kaiwa gare ta da alanki ta cikin ramin. Muka sassauta tsirkiya, muka murɗa rubu'in zagaye zuwa dama, muka bar ta ta kwana. Ba a wuce rubu'i a zama ɗaya, kuma in ta yi tauri a tsaya a kai wa mai gyara. Washegari ta sauko. Na ce ya cire soson daga jaka sai Nuwamba, ya riƙa goge tsirkiya da busasshen ƙyalle duk ya gama.

Ga inda muke. Mai ganga yana da tasa. Baba yana da C40, mu shida muka haɗa kuɗi muka saya masa sabuwa muka mayar wa ɗalibin tasa, har yau kuma tsirkiya uku yake kaɗawa. Oga ya sa F310 cikin kayan da zai saya wa situdiyo, bai saya ba tukuna, amma kanta ta fito masa a yatsu uku, na gani. Yayanmu na nan da Fender ɗinsa. Mutum na shida, mai sarewa, ya dawo da ita bayan kwana biyar ya ce shi numfashi ne sana'arsa, na karɓa na gode masa.

'Yar amshi ce ta fi kowa nisa, ita kuma ce ba ta da kuɗin saye. Mun buɗe adashin naira 5,000 duk Asabar, kowa ya yarda ita za ta fara ɗauka. Kafin nan jitata na wurinta. Yayanta ya ce ranar Juma'a mahaifiyarsu ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare har ta gama, sannan ta tambaya ko abin yana da tsada.

Akwai yara biyu daga Dorayi da suka ji labari suka zo neman aro. Na rubuta sunayensu, na ce su dawo ƙarshen Satumba, kuma kowannensu ya zo da babban da zai tsaya masa.